Kundin aikin gyaran kawunan bawul a sashen tururi

Litinin, 13 ga Janairu 2025

Yau muka fara aikin da aka daɗe ana ɗagawa daga wannan wata zuwa wancan, wato bin dukkan bawul-bawul da ke sarrafa tururi da ruwa da mai a masana'antar matsar gyaɗa da nake aiki a nan Maraɗi, a duba lafiyar injin da ke tuƙa kowane ɗaya, a gyara mai gyaruwa, a sauya wanda ya gaji. Wannan injin da ke zaune bisa bawul, yana buɗe shi yana rufe shi gwargwadon umarnin da ke zuwa daga ɗakin sarrafawa, mu a wurin aiki "kai" muke ce masa, kuma haka zan riƙa kiransa a wannan kundi. Mun ƙidaya kawuna 23: guda 17 iska ce ke tuƙa su, guda 6 kuma lantarki. Mu huɗu aka ɗora wa aikin, ni da tsohon makanikinmu wanda kowa ke kira Baba, da mai lantarki, da wani yaro ɗan koyo da ya zo mana daga makarantar koyon sana'a.

Yanzu ne gyaɗa ke shigowa sosai, tukunyar tururi kuma ba ta hutawa sai ranar Juma'a, saboda haka aikin zai ja watanni. Na ɗauki alkawarin rubuta duk abin da muka yi, domin tun da na zo ban taɓa ganin takarda ko ɗaya da ke nuna yaushe aka buɗe wani kai, ko wa ya buɗe shi, ko me ya tarar a ciki ba. Duk wannan tarihi a ƙwaƙwalwar Baba yake, shi kuwa saura ƴan shekaru ya ajiye aiki.

Alhamis, 16 ga Janairu

Kwana uku muka yi muna zagaye da alli da littafi, ba mu taɓa sifana ba. Ƙurar hunturu ta lulluɓe komai, har sai an goge farantin ƙarfen da ke manne a jikin kai kafin a iya karanta abin da masana'antar da ta ƙera shi ta rubuta. Kowane bawul mun ba shi lamba daga 1 zuwa 23, muka rubuta abin da ke bi ta cikinsa, da abin da ke tuƙa shi, da inda ake katse masa iska ko wuta.

Tambayar da ta fi kowace ɗaukar mana lokaci ita ce: idan iska ta ɗauke, ina wannan bawul zai koma? A cikin yawancin kawunan iska akwai tantanin roba mai faɗi a tsakanin faifan ƙarfe biyu. Iska tana tura tantanin ta gefe ɗaya, sifirin kuma, wato naɗaɗɗen ƙarfen nan da ake dannawa ya sake miƙewa, yana tura shi ta ɗaya gefen, sandar bawul tana bin wanda ya rinjaya. Ran da iska ta yanke, sifirin ne ke da iko, kuma yadda aka harhaɗa kan shi ke nuna ko bawul zai rufe ko zai buɗe. Bawul ɗin da ke kai tururi ga tukunyar dafa gyaɗa ya kamata ya rufe, don kada zafi ya ci gaba da shiga babu mai lura. Na ruwan sanyaya kuwa ya kamata ya buɗe. Mun tarar da guda uku waɗanda babu wanda ya iya ba da amsa a kansu da tabbaci, har da ma'aikatan da suka shekara goma suna zaune a gabansu. Na rubuta lambobinsu da jan biro, za mu gwada su da idonmu ranar da tukunya ke kashe.

Laraba, 22 ga Janairu

Na sayo kwaɗo takwas a babbar kasuwa, kowane da mabuɗinsa, na kuma tabbatar a gaban mai shagon cewa mabuɗin wani ba ya buɗe wani. Kowane mutum ya samu biyu, an rubuta sunansa da fenti a jiki. Mai walda ya lanƙwasa mana ƴan ƙarafa masu huji da za a rataya a hannun bawul ɗin katsewa da kuma makunnin wuta, ta yadda mutum uku za su iya sa kwaɗonsu a wuri ɗaya.

Ƙa'idar da muka shimfiɗa ba sabuwa ba ce a duniya. A Amurka hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta mai da ita doka tun 1989, waɗanda suka yi karatun sana'a da Faransanci kuma sun san ta a darasin kulle wuta kafin aiki. Duk wanda zai sa hannu a jikin kai, shi da kansa zai katse hanyar ƙarfin da ke shiga, ya sa kwaɗonsa, ya jefa mabuɗin a aljihunsa, ya saki ƙarfin da ya rage a ciki, sannan ya gwada ya ga da gaske babu saura. A wurinmu ƙarfin nan iri huɗu ne: iska, da lantarki, da tururin da ke cikin bututu, da kuma sifirin, wanda shi ba a kashe shi da makunni.

Baba bai so abin ba da farko. Ya ce shi shekara talatin yana wannan aiki, kwali yake ratayawa ya rubuta "kada a taɓa", kuma Allah ya kiyaye shi. Na ce masa, "Baba, ba don ban yarda da hannunka ba ne. Mai aikin dare da zai zo ya ga bawul a rufe, shugabansa na yi masa faɗa a kan tururi, shi nake tsoro, domin iska ma tana iya ɗauke kwali." Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ba mu labarin wani abokin aikinsa na dā, a wata masana'anta, da ya rasa yatsu biyu saboda an buɗe iska yana cikin gyara. Da ya gama sai ya miƙa hannu ya karɓi kwaɗonsa. Na lura cewa labarin ya shiga yaron fiye da duk bayanin da na yi masa tun safe.

Juma'a, 31 ga Janairu

Mun buɗe kai na farko, na bawul mai lamba 4, wanda ke kan babban bututun tururi. Tun daren jiya aka kashe tukunya. Tururinmu yana aiki ne a matsin bar 8, zafinsa a nan ya kai kusan digiri 175, saboda haka ko bayan an rufe bawul ɗin katsewa na gaba da na baya an sa musu kwaɗo, sai da muka buɗe ƙaramin famfon tsiyaya na tsakaninsu muka jira har hucin ya mutu, ruwan ya daina ɗiga, ƙarfen ya huce yadda bayan hannu zai iya jure shi.

Kafin a kwance ƙusa ko ɗaya na sa yaron ya yi lissafi a ƙasa da alli. Farantin ya nuna faɗin tantanin santimita murabba'i 700 ne. Matsin bar ɗaya daidai yake da nauyin kusan kilo ɗaya bisa kowane santimita murabba'i, ke nan iskar bar ɗaya tak tana tura wannan tantani da ƙarfin kilo 700, nauyin buhu bakwai na gero manya. Sifirin ɗin da ke ciki an yi shi ne don ya yi kokawa da wannan ƙarfi, kuma tun daga masana'anta a danne aka rufe shi. Wanda ya kwance ƙusoshin gewayen faifan duka a lokaci ɗaya, murfin zai tashi ya same shi a fuska.

Abin da ya sa ake sa ƴan dogayen ƙusoshi a tsakanin gajeru ke nan. Baba ya nuna wa yaron su da bakin sifana, guda uku, sun zarce sauran ta ƙasa da kamar tsawon yatsa. Ya cire gajerun duka, ya bar dogayen. Daga nan ya riƙa sassauta su bi da bi, juyi biyu a nan, ya zagaya, juyi biyu a can, murfin yana ɗagowa a hankali a miƙe ba tare da ya karkace ba. Ana jin ƙarfen yana ɗan kuka duk lokacin da noti ya motsa. Bai yarda kowa ya tsaya da kansa a saman murfin ba, shi ma daga gefe yake miƙa hannu. Sai da notin suka fara juyawa da yatsa kawai, alamar sifirin ya gama miƙewa, sannan ya ce a ɗauke. Ya ce wa yaron, "Ɗana, in noti yana da nauyi har ya kusa ƙarshen zarensa, to ka tsaya, ka mayar da shi, ka kira babba."

Tantanin ya bushe, gefensa ya tsattsage kamar tafin ƙafa a hunturu. Robar irin wannan ba ta son zafin da ya wuce digiri 80 ko kusa da haka, kuma na lura an cire rufin da ke naɗe da bututun da ke ƙarƙashinsa a wani gyara na baya ba a mayar ba, zafin yana tashi kai tsaye yana dukan faifan.

Da muka leƙa lamba 9, wanda irinsa ɗaya da wannan, sai gabana ya faɗi: babu doguwar ƙusa ko ɗaya a jikinsa, wani ya taɓa maye gurbinsu da gajeru. Na ɗaure masa jan ƙyalle, na rubuta cewa ba za a buɗe shi ba sai an samo dogaye an sa su ɗaya bayan ɗaya tun murfin yana ɗaure da sauran.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Babu wani ci gaba a wannan mako. Tantani da zoben roba da muka yi oda daga Kano ba su iso ba, direban ya ce suna Katsina, sai ya sami lodin da zai bi ta Jibiya da Ɗan Isa. Wani ya kawo shawarar a yanko tantani daga tsohuwar tubar babbar mota, na ƙi. Tantanin gaske yana da zare saƙe a cikin robarsa, tuba kuwa miƙewa za ta yi ta fashe ran da ba a zata ba.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Kaya sun iso, mun rufe lamba 4, mun shafa ruwan sabulu a duk mahaɗa ba mu ga kumfa ba. Mun kuma buɗe 5 da 6 da 11.

Abin da na fara fahimta a makonnin nan shi ne yawancin ciwon kawunan ba daga jikinsu ya taso ba, daga iskar da muke ba su ne. A gaban kowane kai akwai ƴar matata mai kofi a ƙasa, haɗe da abin rage matsi. Duk kofin da muka kwance sai mu tarar da wani jan laka mai maiƙo, ƙura ce ta haɗu da ruwa da man kwampireso. Wannan laka ita ce ke shiga na'urar saiti da ke gefen kai, mai daidaita iskar da ke shiga kai gwargwadon umarnin ɗakin sarrafawa, wadda hanyoyin iskarta ba su fi kaurin allura ba, ta toshe su, sai bawul ya riƙa jinkiri ko ya riƙa rawa, ɗakin sarrafawa kuma su ce kai ya lalace.

Muka bi bututu har ɗakin kwampireso. Bakin da yake shaƙar iska yana kallon filin da ake sheƙe gyaɗa. Da mai lantarki ya buɗe famfon da ke ƙarƙashin babban tankin iska, ruwan da ya fito ya cika bokiti ya fara na biyu, a tsakiyar hunturu, lokacin da leɓen mutum ke fashewa don bushewa. Yaron ya yi mamaki, na bayyana masa cewa iska ko ta yi kama da busasshiya tana ɗauke da laima, idan aka matse ta zuwa bar 7 ta kuma huce, laimar sai ta zama ruwa. Injin busar da iska da ke bayan tankin, wanda aikinsa shi ne ya sanyaya ta zuwa kusan digiri 3 don ruwan ya fita tun a can, ashe fankarsa ta daɗe da mutuwa, fitilarsa kawai ke ci. Na rubuta wa shugaban sashe takarda cewa in ba a gyara wannan ba kafin damina, duk tantanin da muke sauyawa asarar kuɗi ne. Kafin nan, tsiyaye tankin ya zama aikin farko na kowace safiya, kuma na hana kowa kakkaɓe ƙurar jikinsa da tiyon iska, al'adar da na tarar ta zauna a wurin, domin iska mai matsi tana iya cusa tsakuwa a ido ko ta shiga ta rauni.

Talata, 4 ga Maris

Dole in rubuta abin da ya faru yau yadda ya faru, domin laifin nawa ne.

Muna kan lamba 14, bawul ɗin da ke kai tururi ga injin busar da tunkuza. Azumi ya kama, mun matsar da aikin zuwa sassafe don mu gama kafin rana ta yi zafi, kuma ina jin gaggawar nan ta shiga cikin abin da ya biyo baya. Na rufe iska na sa kwaɗona, yaron ya sa nasa, na saki iskar da ke cikin matata, agogon matsi ya sauka zuwa sifili. Na ce an gama, a fara. Yaron ya ɗauki tsumma ya sa hannu a tsakanin ƙafafun kai yana goge sandar, ni kuma na zagaya ta baya na sa sifana a notin siririn bututun da ke shiga faifan.

Noti ya yi rabin juyi ke nan sai na ji iska ta yi tsaki mai ƙarfi, sandar ta faɗo ƙasa da ƙara kamar an buga guduma a maƙera. Mahaɗin sandar ya kama tsumman ya danne shi. Yaron ya fizge hannunsa, Allah ya sa yatsunsa suna gefe, fatar bayan babban yatsa kawai ta ɗan goge. Ya tsaya yana kallon tsumman, ni kuma na kasa sakin sifanar. Baba da ke can wajen lamba 13 ya taho da sauri yana salati, ya kama hannun yaron ya jujjuya shi, ya lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya kafin ya ce komai.

Abin da na manta shi ne wannan bawul yana da wata ƴar na'ura a tsakanin na'urar saiti da faifan, wadda aikinta shi ne ta kulle iskar da ke cikin kai idan babbar iska ta ɗauke, don bawul ya tsaya inda yake. Da na katse iska ta yi aikinta daidai. Agogon da na duba yana auna bututun shigowa ne, bai san abin da ke cikin faifan ba. Sifirin yana nan a danne, iskar da aka kulle ce kawai ke riƙe da shi, ni kuma na buɗe mata ƙofa hannun yaro yana kan hanya.

Alamar tana gabana ban karanta ta ba. Allurar da ke nuna buɗewar bawul tana tsaye a wajen rabi, alhali a littafina na rubuta da hannuna cewa sifirin ɗin wannan kai rufewa yake yi. Bawul ɗin da ya kamata ya rufe, aka cire masa iska bai rufe ba, ko dai akwai iska a ciki ko sandar ta cije, kuma duka biyun haɗari ne ga hannu. Na ba yaron haƙuri a gaban kowa. Ya ce, "Ba komai, maigida," amma na ga hannunsa yana rawa da ya ɗauki kwaɗonsa. Na sallame shi ya tafi gida, muka dakatar da aikin yau.

Alhamis, 6 ga Maris

Na kai rahoton abin da ya faru a rubuce, ban rage komai ba. Mun zauna mu huɗu muka ƙara sharuɗɗa uku a takardar aiki. Bayan an sa kwaɗo, sai an duba allurar buɗewa an ga ta koma inda littafi ya ce za ta koma. Sai an sassauta bututun da ke shiga faifan kansa a hankali, kowa ya janye hannunsa, an ji iska ta ƙare. Sannan a roƙi ɗakin sarrafawa su aiko da umarnin buɗewa da na rufewa, mu ga bawul bai motsa ba. Tsakanin ƙafafun kai kuwa ba a ƙara sa yatsa, sai buroshi mai dogon hannu.

Mun sake zagayawa muka tarar da ƙarin guda biyu masu wannan na'urar kulle iska, 15 da 20, da kuma ɗaya mai ɗan tankin ajiyar iska a bayansa. Mun shafa musu ruwan ɗorawa a jiki don a gane su daga nesa. Yaron ya dawo aiki, kuma shi ya riƙe fentin.

Talata, 18 ga Maris

Makon saiti. Umarnin da ke zuwa daga ɗakin sarrafawa ƙaramar wuta ce tsakanin miliamfa 4 da 20. A 4 bawul yana rufe, a 12 yana rabi, a 20 ya buɗe gaba ɗaya, na'urar saiti kuma ita ke mai da wannan wuta ta zama matsin iska. An fara daga 4 ne maimakon sifili don a iya rarrabe umarnin rufewa da tsinkewar waya. Da na'urar gwajin mai lantarki muke ba kowane kai 4, 8, 12, 16, 20, sannan mu sauko, muna rubuta inda allura ta tsaya a hawa da sauka. Idan a hawa ta tsaya wuri ɗaya, a sauka kuma wani wurin daban da nisa, akwai abin da ke riƙe sandar.

Haka muka kama lamba 6. Ba ya tafiya sumul, sai ya cije, matsi ya taru, ya yi tsalle ya wuce inda ake so. Dalilin ba a kai yake ba. Wani ya ga tururi yana tsartuwa ta wuyan bawul sai ya ɗaure notin zoben toshiya har ƙarshe, ya shaƙe sandar. Za mu sauya zoben idan an kashe tukunya. Guda ukun nan na jan biro ma mun gwada su: biyu daidai suke, amma lamba 18, na ruwan sanyaya, rufewa yake yi idan iska ta ɗauke, akasin abin da ya kamata. Wannan ba gyaran da zan yanke shi kaɗai ba ne, na miƙa shi sama.

Laraba, 9 ga Afirilu

Mun dawo bayan salla muka shiga kawunan lantarki. Zafi ya kai inda ba a iya riƙe sifanar da aka bari a rana, saboda haka na waje muna yin su kafin ƙarfe tara.

Waɗannan suna da mota, wato injin lantarki mai juyawa, mai layi uku ta volt 380, da giya mai haƙora, da makunnai biyu iri daban a ciki: masu tsai da mota idan bawul ya kai ƙarshen tafiyarsa, da masu tsai da ita idan nauyi ya yi yawa. Mai lantarki ya nuna wa yaron abin da na so ya gani da idonsa. Ya kashe babban makunni ya sa kwaɗo, ya gwada mitarsa a soket mai wuta don ya tabbatar tana aiki, ya buɗe murfi ya auna layukan motar, babu komai. Da ya kai kan wasu ƙananan wayoyi biyu a kusurwa sai mita ta nuna volt 220. Ɗan abin ɗumama ne da ake sawa don hana raɓa taruwa a ciki, kuma wutarsa daga wani layi dabam take zuwa. Yanzu kowane kan lantarki yana da wuraren kwaɗo biyu a littafi, wani ma uku.

Tun da muna yawan komawa kan janareto idan wuta ta ɗauke, na nace a kan gwajin alkibla. Idan aka musanya layi biyu a cikin uku, mota baya za ta juya, kuma a tsofaffin kawuna irin namu makunnin da ya kamata ya tsai da ita ba shi ne zai taɓu ba, sai ta ci gaba da matsawa har sanda ta lanƙwashe. Saboda haka duk wanda aka taɓa wayarsa, da sitiyarin hannu ake kai bawul tsakiya, a danna buɗewa na daƙiƙa ɗaya, a ga inda ya nufa. A jikin sitiyarin lamba 22 na ga shaidar an sha zura masa bututu don ƙarin ƙarfi, haƙoran giyarsa biyu sun karye. Bututun ma yana jingine a bango, na sa an kai shi wurin mai walda.

Alhamis, 24 ga Afirilu

An gyara injin busar da iska, an kuma mai da bakin kwampireso ɗaya gefen ginin. Ruwan da ke fita daga kofunan matata ya ragu ƙwarai a cikin mako ɗaya. Dogayen ƙusoshin lamba 9 sun samu, Baba ya sa su, ya buɗe shi lafiya.

Talata, 13 ga Mayu

Mun sauya zoben toshiya na lamba 6. Ko da bututu ya huce kuma an tsiyaye shi, Baba ya sassauta notin wuyan kaɗan-kaɗan yana gefe, domin matsi yana iya maƙalewa a cikin wuyan bawul, kuma kuwa sai da wani ɗan ruwan zafi ya tsarto. Tsohon zoben ya ƙone ya zama kamar gawayi. Mun sa na garafayit mai jure zafin tururi, muka ɗaure shi daidai yadda zai hana tsartuwa ba tare da ya kama sandar ba, muka motsa bawul sama da ƙasa sau da yawa, muka ƙara ɗan ɗauri.

Wajen mayar da tururi ma akwai nasa haɗarin. Ruwan da ya kwanta a bututu mai sanyi, idan tururi ya taho da gudu ya kwashe shi, yana dukan gwiwar bututu da bawul da ƙarfin da zai iya fasa ƙarfe. Mun bar famfunan tsiyaya a buɗe, aka ɗan tsaga bawul ɗin katsewa kaɗan, muka jira bututun ya ɗumama kafin a ƙara. Yaron ne ya karanta takardar cire kwaɗo da babbar murya, kowa ya amsa sunansa, ya cire nasa da hannunsa. Mai lantarki ya fita sayen abu a lokacin, muka jira shi minti ashirin, duk da shugaban masu aikin rana yana ta kai da kawowa yana duba agogo.

Talata, 17 ga Yuni

Hadari ya fara haɗuwa da yamma, saboda haka wannan makon na kawunan da ke waje ne. Mun bi duk inda waya ke shiga akwati muka ɗaure robar bakin, muka toshe ramukan da aka bari a buɗe, muka lanƙwasa kowace waya ta yi ƙasa kafin ta shiga don ruwa ya ɗiga a waje. A murfin lamba 21 zoben roba ya tsinke, a ciki kuma akwai tsatsa da gidan zanzaro. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, in ji Baba, yana kankare shi da bakin sukudireba.

Zuwa yau an gama 19 cikin 23. Lamba 22 yana jiran giya, 15 da 20 suna jiran Juma'ar da za a kashe tukunya, lamba 18 kuma har yanzu ba a ba da izinin juya shi ba, ko da yake na sake rubutawa a makon jiya. Kafin izinin ya fito na manna takarda a ɗakin sarrafawa cewa duk lokacin da iska ta ɗauke, a tura mutum ya buɗe hanyar ratse ta ruwan sanyaya da hannu, kuma na zagaya da masu aikin dare na nuna musu inda take. Ranar Juma'a yaron ne zai jagoranci kulle lamba 15 tun daga farko har gwaji, ni da Baba muna tsaye a bayansa.